Yadda ake tayar da gida bayan holoƙo a Gangara

Iskar da ke ɓarna a Gangara ta jihar Maraɗi a Nijar ba ta ɓoye zuwanta. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni, bayan zafin bazara ya kai maƙura, sai gabas ta yi ja da la'asar, ƙura ta turnuƙe, iska ta riga ruwa isowa. Wani lokacin ma ruwan ba ya zuwa, holoƙo ne kawai. Tun daga nan aikin yake farawa. A kashe wutar murhu, domin garwashi ɗaya ya isa ya cinye dannin kara na unguwa guda. A kira yara ciki, a kwance akuyar da aka ɗaure a gindin bishiya, a rufe ƙofa da taga, musamman masu duban gabas. Iskar da ta shiga ɗaki tana tura kwanon rufi daga ƙasa, wadda ke wucewa ta sama tana fizgarsa, ƙusa kuwa ba ta iya riƙe biyun.

In ta lafa, mutane ake fara dubawa. Mai gida ya ƙirga iyalinsa, sannan ya leƙa maƙwabta, musamman tsofaffin da ke kwana su kaɗai da makarantar allo. Wanda kwano ya yanka ko ya taka ƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafin tetanus, ko da raunin ƙarami ne. Kada a zuba ƙasa ko toka. Inda akwai lantarki, wayar da ta faɗi ba a taɓa ta sai ma'aikatan kamfanin lantarki na NIGELEC sun zo.

Daga nan sai bango. Ɗakin da rufinsa ya tafi, ruwa ya zuba a kan ginin ƙasa, ba wurin kwana ba ne, ko da yana tsaye. A duba kusurwoyi da gindin bango. In akwai tsaga ko laka ta jiƙe ta yi taushi, a kwashe kaya, a raba yara gidajen dangi. Mutane kan ji nauyin yin hakan, alhali bangon da ya sha ruwa yakan jira dare na biyu ko na uku kafin ya faɗi. A daminar 2024 mutum sama da 300 suka rasu a Nijar sanadin ruwa, jihar Maraɗi ce ta fi yawan asarar rayuka, kuma da yawansu gini ne ya rufta musu.

A ganina rumbu ya riga ɗaki. Iskar nan tana zuwa ne daidai lokacin da hatsi ya yi ƙasa, farashi ya hau, ga irin shuka a ajiye. In jinkar rumbu ta tashi, a fitar da dammunan da suka jiƙe a shanya su da sassafe, a raba su da busassu, a lulluɓe sauran da leda ko zana kafin hadari na gaba. Mutum yana iya kwana a zauren ɗan'uwansa mako guda, amma hatsin da ya yi fumfuna ya tafi ke nan.

Sannan a bi kwano. Yakan faɗa gonar wani ko tsakar gidan wani, ga shi duk kamarsu ɗaya, don haka rigima ba ta da wuya. Gara a tara a ƙofar mai gari, kowa ya nuna ramukan ƙusarsa da tsawon ɗakinsa. Wanda ya lanƙwashe a shimfiɗa shi a ƙasa a buga da katako. Wanda ya yage a ajiye shi don rumfar dabbobi.

A wajen mayar da rufi ake yawan maimaita kuskuren bara. Sau da yawa ba kwano ne ya rabu da katako ba, katakon ne gaba ɗaya ya rabu da bango, domin ɗora shi kawai aka yi. Magini ya sauke layin tubali biyu ko uku, ya binne waya mai kauri ko siririn rodi a ciki, ya naɗo shi a kan kowane katako ya murɗe. Kafinta ya yi amfani da ƙusa mai hula, ya buga a tudun kwano, kada ya buga a kwarin da ruwa ke bi, ya kuma ƙara yawanta a gefuna da kusurwoyi, tunda nan iska ke fara kamawa. Kada a bar leɓen kwano ya zarce bango da yawa ta gabas. In da hali a ɗaga rawanin gini ya danne bakin kwanon, a bar wa ruwa hanya da indararo. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jerawa bisa rufi ba ɗauri ba ne. Ranar da kwano ya tashi, tare da su yake saukowa kan mutane.

Jinka da danni aikin gayya ne, kuma ba su da wuya: a dasa dirka mai zurfi, a sake tanka, a ɗaure da igiyar kaba, a baibaye. Kafin a gama gyara, a sa mai gari ya rubuta abin da kowane gida ya rasa, a kai ma'aikatar magajin gari, domin in taimako zai zo, da wannan rubutun zai zo.

Saura gona. In an riga an yi shuka, rairayin da iska ta kwaso yakan kakkarce ƙananan hatsi ko ya binne su. A jira kwana biyu ko uku a gani, sannan a cike giɓi in ƙasa na da laima. Manoman wannan yanki sun san wahalar sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya, kuma a nan kusa maganin ya yi ƙarfi. Tun 1983 aka fara yaɗa sassaben zamani a jihar Maraɗi, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye kuma ya yi suna da kwamitin tsaron itatuwa. Gonar da ke da gawo da kalgo da sabara tana karya ƙarfin iska kafin ta kai ga shuka. A cikin gida kuwa, reshen dogon yaro da ya rataya bisa ɗaki a rage shi tun watan Afrilu, kafin gabas ta fara ja.