Ciki Amana Ne: Darasi Kan Abincin Da Ba Ya Karɓar Mutum

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, darasinmu na yau a kan ciki ne. Kada ka ce wannan ba maganar majalisin wa'azi ba ce. Wanda cikinsa ke ƙugi yana murɗawa, ina zai sami natsuwa a cikin sahu? Sau nawa zai sake alwala tsakanin Azahar da La'asar?

Abin da muke gani a Roni da Gwiwa da Babura da cikin garin Kazaure shi ne: saurayi ya zauna teburin mai shayi da sassafe, a haɗa masa mai kauri, madara ta ji, sukari ya ji. Kafin hantsi ciki ya kumbura, iska ta cika shi, wani har da gudawa. Sai ya ce olsa ce. Wani ma ya ce an yi masa sammu, ya shiga zargin ɗan'uwansa Musulmi, ya nufi tasha ya sayi jiƙon da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Alhali sau da yawa mai laifin yana cikin kofin da ya sha.

Ga yadda abin yake. Madara tana da nata sukarin, likitoci suna ce masa laktos. Allah ya sanya wa hanjin jariri wani sinadari mai narkar da shi. To bayan yaye, sinadarin nan yakan ragu a jikin mafi yawan mutane, wajen kashi biyu cikin uku na manyan duniya. Sukarin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune can su far masa, ya yi tsami, ya haifar da iska, ya jawo ruwa. Yawanci tsakanin rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha ake jin abin.

A shekarar 1971 wani likitan Amurka, Norman Kretchmer, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a nan Nijeriya. Sun tarar kusan duk manyan Yarabawa da Inyamurai ba sa narkar da wannan sukari, Fulanin daji kuwa mafi yawansu suna narkar da shi lafiya lau, Hausawa da Fulanin gari suna tsakani. Ƙasar Kazaure kuwa ka san yadda take, Hausa da Fulani sun daɗe da cakuɗuwa ta aure. Saboda haka kada ka yi mamaki in abokinka ya shanye ƙwaryar madara bai ji komai ba, kai rabin kofi ya hana ka sakat. Gado ne, ba asiri ba.

Wani zai ce, to yaya iyayenmu suka rayu da fura da nono? Ai nono ba madara ba ne. In aka bar shi ya kwana ya yi tsami, an riga an cinye wani kaso na sukarin tun kafin ya shiga bakinka. Shi ya sa mutane da yawa da ɗanyar madara ko ta gari ke wahalar da su suke shan kindirmo ba damuwa. A dai tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, don ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauko tarin fuka.

To yaya za ka gane abin da ba ya karɓar ka? Kada ka yi irin ta mai fushi, ka bar madara da wake da mai da yaji duk rana ɗaya. In ka sami sauƙi ba za ka san wanne ne ba, kuma kafin mako ka gaji ka koma gidan jiya. Ɗauki abu guda, ka bar shi mako biyu, kana lura da cikinka, har ma ka riƙa rubutawa. Sa'an nan ka dawo da shi kaɗan, tare da abinci, ba cikin yunwa ba. Mafi yawan masu wannan matsala suna iya ɗaukar misalin kofi guda a yini, musamman in an rarraba shi. Wake ma haka: a jiƙa shi, a zubar da ruwan, a dafa ya nuna sosai, a fara da kaɗan, hanji yakan saba.

In ka gano abincin, ka bar shi ba tare da ka haramta shi ba. Ya tabbata cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo bai ci ba, don ba abincin ƙasarsu ba ne, ransa bai so ba, amma Halidu ɗan Walidu ya ci a gabansa bai hana shi ba. Ka ce bai karɓe ni ba, shi ke nan.

Amma fa a kula, akwai wanda ba a gwaji da shi. In cin gyaɗa ko kifi ko ƙwai yana sa maka borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, wannan wani ciwo ne daban, yana iya kisa, ba a cewa bari in ɗan taɓa. Haka wanda ya ga jini ko baƙin bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yana ramewa ba dalili, ya tafi Babban Asibitin Kazaure ko asibitin da ya fi kusa da shi, kada ya tsaya lissafin mako biyu.

Sai maganar sukari da gishiri, waɗanda su ba sa ƙugi, a ɓoye suke aiki har hawan jini ko ciwon sukari ya bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin ɗunkule da ƙullin taliya. Sukari kuwa kada ya wuce wajen giram 50, ƙaramin cokali 12 ke nan, ga shi kwalbar lemo guda tana iya ɗauke da 8 ko 9. Nan ma sannu ake bi. Mai sa cokali uku a shayi ya koma biyu na wasu makonni, sa'an nan ɗaya, harshe zai saba. A gida a rage ɗunkule, a ƙara daddawa, a yawaita zogale da rama da kuɓewa, ga su nan arha a kasuwanninmu.

Kuma an ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kasa ciki uku, abinci da abin sha da numfashi. Inda aka fi saɓa wannan shi ne wajen buɗa baki a watan azumi, a haɗa ƙanƙara da ƙosai da kunu da shayin madara lokaci guda, sa'an nan a kasa tsayuwar Asham. Ka fara da dabino da ruwa, ka yi Magariba, sauran su biyo baya.

Wallahu a'alamu.