Butar Shayi ta Japan da Ilmin da Ke Cikinta

Koren shayi da baƙin shayi duk daga tsiro guda suke, wato Camellia sinensis. A Japan, da zarar an tsinko ganyen sai a turara shi, zafin ya dakatar da sinadaran da ke mayar da shi baƙi. Ta haka ganyen yakan riƙe katekin mai bauri da tiyanin mai garɗi.

Tafasasshen ruwa yakan fitar da katekin da yawa, shayin ya yi ɗaci. Shi ya sa ake jiƙa ganyen da ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80, na kimanin minti ɗaya.

Maginan garin Tokoname, a lardin Aichi, sun ƙera butarsu bisa wannan buƙata. Sunanta kyusu, ƙarama ce, da hannu ake gina ta da jan yumɓu mai arzikin ƙarfe. Akwai matata a cikinta, mariƙinta kuma yana gefe, domin a tsiyaye shayin ƙarƙaf da hannu ɗaya. Idan ruwa ya saura, ganyen zai ci gaba da jiƙa, jiƙo na biyu ya ɓaci da bauri.

A 1998 gwamnatin Japan ta karrama magini Yamada Jozan na Uku saboda gwanintarsa a wannan sana'a.