Tazarar Ƙafafun Mota

Idan kaka ta yi aka girbe dawa, yara su kan tara kara su ƙera motocin wasa. Motar wani ta kan yi tafiya sumul, ta wani kuwa da an ja ta an zo kwana sai ta kife. Me ya kawo haka? Sau da yawa laifin na tazarar ƙafafu ne, watau nisan da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagun.

Gani ya kori ji. Tashi tsaye ka haɗa ƙafafunka, abokinka ya ɗan ture ka daga gefe. Lalle za ka yi tangaɗi. To, ware su ya sake ture ka, sai ka ji ka kafu. Haka mota ta ke.

Kowace mota mai ƙafa huɗu tana da tazara biyu, ta gaba da ta baya. A yawancin motoci kusan daidai su ke, amma ba tilas ba ne. Kafin maƙeran mota su tsai da awo, su kan tambayi kansu, "Ina nauyin motar nan zai fi faɗawa?"

Sa'ad da direba ya taka birki, nauyi ya kan koma gaba, shi ya sa fasinja su kan rusuna. Sa'ad da ya karya kwana ta dama, nauyin ya kan karkata hagun. In ya haɗa birki da kwana, ƙafar gaba ta hagun ita ce za ta ɗauki mafi yawan nauyin. Saboda haka faɗin gaba ya kan taimaki mota ta zauna sosai. A shekarar 1955 aka fito da wata mota a Faransa mai suna Citroën DS. Injinta yana gaba, ƙafafun gaba ne kuma ke jan ta. Aka yi tazarar gabanta santimita 150, ta baya kuwa 130.

Ku dubi keke mai ƙafa uku da ke ɗaukan fasinja a Kano da sauran garuruwanmu. Ƙafa ɗaya tak gare shi a gaba, ba abin da zai tokare shi ta gefe. In mai tuƙi ya shiga kwana da gudu ya taka birki, yana iya kifewa da mutane. Sauri ya haifi nawa.

Akwai wani abu kuma game da ƙafafun baya. Kun lura in kuna fareti kuka zo juyawa, na bakin layi ta waje ya kan buɗa taki, na ciki kuwa ya rage? Haka ƙafar mota ta waje ta kan fi ta ciki cin nisa a kwana. Don haka a kan sa wasu ƙarafa masu haƙora tsakaninsu, su bar kowace ta juya gwargwadon nisanta. A shekarar 1953 wasu maƙera a Italiya suka yi wata ƙaramar mota, Isetta. Suka matso da ƙafafunta na baya kusa da juna, tsakaninsu kamar rabin mita, har ba su bukaci waɗannan ƙarafa ba. Amma gabanta suka bar shi da faɗi.

Waɗansu motoci masu tsananin gudu kuwa injinsu a baya ya ke, nauyinsu ya fi yawa can. Irin waɗannan a kan faɗaɗa bayansu, a sa musu manyan tayoyi don su kama hanya. Duk da haka faɗi yana da iyaka, gama motar da ta cika faɗi ba ta shiga lungu, kuma ta kan tare wa wasu hanya.

To, ran da za ka ƙera motar kara, fara duba inda kayanta za su zauna, sa'an nan ka yanka karan da zai riƙe ƙafafun.

Tambayoyi

1. Mece ce tazarar ƙafafun mota?
2. Ina nauyin mota ya kan koma in an taka birki?
3. Da santimita nawa gaban Citroën DS ya fi bayanta faɗi?
4. Ƙera motocin kara biyu, ɗaya mai faɗi, ɗaya matsattsiya. Ɗora su bisa allo, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali. Wacce ta fara kifewa?