Fure Mai Doguwar Wutsiya

Karatu: Zabura 104:10-24, Matiyu 6:25-34

A kurmin Madagaska, babban tsibirin nan na gabashin Afirka, akwai wani farin fure mai kama da tauraro, wanda ke fita a jikin itatuwa. Yana da siririyar wutsiya mai rami, tsawonta wajen santimita 30, wato ta fi taki guda. Ruwan zaƙinsa yana can ƙarshenta.

A shekara ta 1862 aka aika wa Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, wannan fure. Da ya auna wutsiyar, ya ce lalle akwai malam-buɗe-littafi na dare mai harshe dogo haka. In babu, wa zai ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan har a sami iri? Alfred Wallace, wanda ya yi shekaru cikin kurmin Amazon, ya goyi bayansa a 1867. Darwin ya mutu a 1882 bai ga ƙwaron ba. Sai a 1903 masana suka bayyana shi, a 1992 kuma aka gan shi yana shan furen da dare.

Darwin ya koyar cewa furen da ya fi tsawon wutsiya ya fi ba da iri, ƙwaron da ya fi tsawon harshe ya fi samun abinci, sai su biyu suka yi ta ƙaruwa tsara bayan tsara.

Iyaye, 'ya'yanku za su ji sunan Darwin a lakwal. Kada ku tsorata, kada ku hana su tambaya. Darwin ya duba da kyau, amma awo ba ya faɗa mana wanda ya kafa ƙa'idar. Mai bin sawu yakan san hanyar da raƙumi ya bi, amma sawu bai faɗi sunan mai raƙumi ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Mahalicci. Ku nuna wa yara kuka: farin furenta da dare yake buɗewa, jemage ne ke zuwa gare shi.

Allah da ke ciyad da ƙwaro cikin duhun kurmi, ya san abin da ya rage a rumbunka. Ya ba da Ɗansa Yesu dominka. Zai manta da kai?

Tambayoyi
1. Me ya sa Darwin ya ce akwai ƙwaron tun ba a gan shi ba?
2. Wace damuwa za ku kawo gaban Ubangiji yau?