Maganin Farfaɗiya Na Lalata Hanta?

Wata mai sauraronmu daga Katsina ta ce an ɗora ɗanta kan maganin farfaɗiya na Epilim, ta kuma ji ana cewa yana taɓa hanta.

To Malama, maganar akwai ƙamshin gaskiya, amma ba kasafai ba. Haɗarin ya fi yawa ga yaran da ba su kai shekara 3 ba, cikin watanni 6 na farkon shan maganin, musamman in an haɗa shi da wani maganin farfaɗiyar. Shi ya sa ake gwajin jini kafin a fara. In kin ga amai, kasala, ƙin abinci, ko farin idonsa ya yi ɗorawa, garzaya asibiti ranar nan. Kada dai ki yanke maganin da kanki, farfaɗiyar na iya dawowa da tsanani.