Abin Da Ya Sa Ruwan Damina Ke Hutawa

Kowane manomi a Birnin Zariya ya san hadari daga gabas yake tasowa, ya tsallake ganuwa, ya nufi Dutsen Kufena. Ya kuma san sau da yawa akan yi ruwa yau, ya ɗauke kwana uku ko huɗu, kana ya komo. To, mene ne dalili?

Can sama, kamar mil 2 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma da damina. Zafin Sahara da sanyin bakin teku su ke haddasa ta. Ba ta tafiya sak, lanƙwasa take yi kamar maciji. Tsakanin lanƙwasa da lanƙwasa ya kai mil 1,500. Kowace kwana 3 zuwa 5 ɗaya kan iso, ta tara hadari. In ta wuce, gari ya washe. A 1972 wani masani Ba'amurke, Robert Burpee, ya bayyana asalin wannan lanƙwasa.

Saboda haka manomi ya yi noma ran da gari ya washe, don ciyawa ta bushe. Takin zamani kuwa ya zuba shi bayan ruwa, ƙasa tana da laima, don kada babban ruwa ya wanke masa kuɗinsa.