Darasi na 9: Kwastoma Mai Gaggawa: Yadda Za Ki Yi da Mai Yawan Kira da Aike

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: littafi mai layi, biro, almakashi, ƙyallen atamfa kala uku, wake ko tsakuwa kamar guda 40.

Manufar darasi

A ƙarshen zaman nan, kowace mamba za ta iya:
1. Gane dalilin da ya sa kwastoma take yawan kira ko turo yaro.
2. Lissafa aikin da za ta iya gamawa kafin ta sa rana.
3. Ba da amsar da za ta kwantar da hankalin kwastoma ba tare da ƙarya ko faɗa ba.

Gabatarwa (minti 5)

Jagora, ki fara da tambaya: “Wace ce a cikinmu aka taɓa turo mata yaro sau uku a rana ɗaya a kan aiki ɗaya?” Ki bari su ɗaga hannu, su yi dariyarsu, sannan ki ce:

Tsarin ajiya da rancen da muke bi ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1991. Ƙarfinsa abu ɗaya ne: kowa ta san ranar zubi, ta san ranar biyan rance, ta san ranar rabo. Shi ya sa ba mai bin ma'aji gida kullum tana tambayar kuɗinta. Yau za mu ɗauki wannan dabara mu kai ta cikin sana'o'inmu. Rancen da kika ɗauka daga akwati, daga aljihun kwastoma za ki biya shi. In ta gudu, biyan ya yi nauyi, kuma nauyin a kanmu duka yake.

Labari (minti 10)

Ki karanta a hankali. Labarin misali ne, kada a nuna kowa da yatsa.

Wata mai ɗinki ce a nan Dayi. Ta ɗauki rancen N30,000 a ƙungiyarsu, ta gyara kekenta, ta aika aka sayo mata zare da kayan ado daga Kano. Da azumi ya kama, kaya suka yi ta shigowa. Duk wadda ta kawo, sai ta ce, “Ajiye kawai, ba damuwa, kafin Sallah in sha Allahu.” Ba ta ƙirga ba, ba ta rubuta ba.

Cikin masu kayan akwai wata Hajiya da ta kawo kala huɗu na 'ya'yanta, ta ba da rabin kuɗi. Ranar goma ga azumi ta kira. “Gobe, Hajiya.” Kwana biyu ta turo yaro. “Ka ce mata saura kaɗan.” Alhali ko yankawa ba a yi ba. Daga nan sai filashin, sai saƙon murya, sai kira bayan sallar asham. Mai ɗinki ta gaji, ta daina ɗauka, daga baya ma ta kashe wayar.

Da Hajiya ta ji waya a kashe, sai ta yafa mayafi ta zo da kanta, ta tarar da atamfofinta a ƙasan tsibi yadda ta kawo su. Aka yi cacar baki har maƙwabta suka leƙo. Don a rabu lafiya, mai ɗinki ta ture kayan wata baiwar Allah da ta riga kowa kawowa, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa kira ba, ta kwana a kan na Hajiya. Garin sauri aka yanka hannun riga ɗaya ya gaza. Ta biya yadin daga aljihunta. Ita kuwa mai haƙurin, 'yarta ta yi Sallah da tsohon kaya. Ba ta ce uffan ba, amma ba ta sake dawowa ba, ita da facalolinta biyu. Watan nan mai ɗinki ta zo taro ba ta da cikon N10,000 na biyan rance.

Tambayoyi:
a. A ina matsalar ta fara? Ranar da Hajiya ta fara kira, ko ranar da aka karɓi kaya?
b. Me kashe waya ya gyara, me ya ɓata?
c. Wa ta fi cutuwa a cikin mata ukun nan?

Jagora, ki bar su su yi muhawara. In duk sun ɗora laifi a kan Hajiya, ki tambaye su: “In ke ce kika ba da rabin kuɗi, aka ce miki gobe sau uku, sannan waya ta mutu, me za ki yi tsammani?”

Me ya sa take damun ki? (minti 10)

Yawancin masu yawan kira ba mugunta ba ce, tsoro ne. Kayanta da kuɗinta suna hannunki, ita kuma ba ta ganin abin da ke faruwa a ɗakinki. Amma ba duka suke ɗaya ba. Akwai iri huɗu, kowace da maganinta.

Ta ɗaya: wadda ranarta ta wuce. Wannan tana da gaskiya. Ba ita ce marar haƙuri ba, ke ce kika saɓa. Ki amsa laifi, ki sa sabuwar rana ta gaskiya: “Yaya, ki yi haƙuri, laifina ne. Ban fara ba, amma ranar Laraba bayan la'asar zan aiko miki da shi har gida.” Kada ki ce “saura kaɗan” in ba ki taɓa ba. Ƙaryar nan ita ke haifar da kira goma.

Ta biyu: wadda ranarta ba ta yi ba, amma hankalinta bai kwanta ba. Wataƙila biki ne da ita, wataƙila wata ta taɓa ba ta kunya. Wannan labari take so. Ki riga ta: “Gwaggo, na soya gyaɗar yau, gobe niƙa, jibi manki yana nan.” Saƙo ɗaya daga gare ki ya fi kira biyar daga gare ta arha.

Ta uku: mai son tsallake layi. Ta san ranarta, amma ta ga in ta matsa za a yi mata da wuri. In kika bi ta sau ɗaya, kin koya mata, kin kuma koya wa sauran cewa mai surutu ake fara sallama. Ki ce: “Hajiya, akwai mutum uku a gabanki, kuma yadda ba zan ture naki don wata ba, haka ba zan ture nasu ba. Naki Asabar ne, kamar yadda muka yi.” In da gaske ujila gare ta, kamar suna ko rasuwa, ki nemi izinin wadda ke gaba, ko ki faɗi kuɗin aikin gaggawa tun kafin ki fara.

Ta huɗu: mai zagi da cin fuska, ko mai kira tsakar dare. Haƙuri ba ya nufin a taka ki. Ki gama mata aikin da kika karɓa, ko ki mayar mata da kayanta da kuɗinta a gaban shaida, ku rabu lafiya. Gaba in ta kawo, ki ce aiki ya yi miki yawa. Kada ki rama ta saƙon murya. Magana zarar bunu ce, saƙon kuma yana iya zaga gari kafin magariba.

Lissafi kafin alƙawari (minti 15)

Ki zuba wake a tabarma, ki kira mamba ɗaya mai ɗinki ku yi tare.

“Kala nawa kike gamawa a rana, bayan girki, shara da hidimar yara?” A ce biyu.
“Kwana nawa kike aiki a mako?” A ce shida. To 12 ke nan a mako.
“Mako nawa ya rage?” A ce uku. 12 sau uku, 36.

Yanzu ki cire wake shida ki ajiye gefe. Waɗannan na ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi ne, da ranar da keke zai tsaya, da ranar barka ko gaisuwa. Saura 30. Wannan shi ne iyakar abin da za ta karɓa. Ta 31 in ta zo, a gaya mata gaskiya: “Na cika, sai bayan Sallah. In kina sauri, ga wance a ƙungiyarmu, hannunta yana da kyau.” Kin rasa ɗinki ɗaya, amma ba ki rasa mutunci ba, kuma kuɗin bai bar ƙungiya ba.

Haka mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli za ta yi, da mai awara, da mai daddawa, da mai lalle. Ku tuna da abin da ba a hannunku yake ba: layin injin niƙa, ranar da injin ba shi da mai, da kayan da sai an jira mota ta kawo daga Malumfashi, Funtua ko Kano ta hanyar Gwarzo. Ku kuma san lokutan cunkoso tun kafin su zo: goman ƙarshe na azumi, gabanin Babbar Sallah, da bayan kaka, lokacin da aka sayar da masara da waken soya da auduga, kuɗi suka shigo hannu, bukukuwa suka yawaita.

Dokoki biyar na karɓar aiki

1. Rana mai suna. “In sha Allahu” tare da rana ake faɗinta, ba a madadin rana ba. Ki ce “Alhamis bayan azahar, in sha Allahu.” In kina ganin Talata za ki gama, ki ce Alhamis. Wadda aka kira da wuri murna take, wadda aka yi wa latti ko da yini ɗaya fushi take.

2. Littafi. Suna, aiki, kuɗin da aka bayar, saura, da rana. Mai ɗinki ta yanki ɗan ƙyalle ta manna kusa da sunan. Wadda ba ta boko ta rubuta da ajami, ko ta yi zane, ko 'yarta 'yar makaranta ta rubuta mata. In mai matsawa ta zo, littafin za ki buɗe mata, shi zai yi magana a madadinki.

3. Kafin alƙalami amana ne. Kuɗin da aka ba ki somin aiki na aikin ne. Kada ki yi cefane da shi, kada ki sayi hannun jari da shi ranar zubi. In jari ya gaza, abin da akwati yake yi ke nan, ki nemi rance. In kuma ta waya aka turo, kamar yadda da yawa muka saba tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sai kin ga kuɗin ya shigo ko mai POS ya tabbatar kafin ki rubuta “an biya”.

4. Ki riga ta magana. Da zarar kin ga ba za ki cika ba, ki sanar tun ranar, kada ki jira ta turo yaro ya dawo hannu rabbana.

5. Lokacin waya. Ki gaya wa kowa tun farko: “Ina duba waya da hantsi da bayan la'asar. Bayan isha'i ba na ɗauka.” In kwastoma namiji ne, ku daidaita da maigida tun farko yadda za a riƙa yi, ko ta hannunsa, ko ta hannun ɗanki. Kiran dare ya sha jawo wa mata a hana su sana'a gaba ɗaya.

Yaran aike kuma a kula da su. Yaro ba shi da laifi, kuma duk abin da kika faɗa cikin fushi zai kai shi gida da ƙari. Ki ba shi magana ɗaya gajera, ki sa ya maimaita: “Ka ce ina gaishe ta, Asabar da safe.”

Wasan kwaikwayo (minti 15)

Ki raba su uku-uku: mai sana'a, kwastoma, da mai lura. Kwastoma ta zaɓi ɗaya daga cikin iri huɗun nan ba tare da ta faɗa ba. Mai sana'a ta gano wace ce, ta ba ta amsa. Mai lura ta duba abu uku: An faɗi rana mai suna? An yi ƙarya? An ɗaga murya? Bayan minti huɗu a canza.

Ga misalin da za ki fara nunawa da ɗaya daga cikinsu:

Kwastoma: Haba Maman yara! Tun jiya nake kira, ko kin sayar da gyaɗar tawa ne?
Mai sana'a: Sannu da zuwa Inna, ga tabarma. Gyaɗarki tiya biyar tana nan, ga ta can an soya. Mun yi da ke Juma'a, yau Laraba.
Kwastoma: To ai ni gobe baƙina za su zo.
Mai sana'a: Ayya, da na sani tun farko da na tsara. Akwai mutum ɗaya a gabanki. Bari in aika in tambaye ta, in ta yarda ku yi musanya. In ba ta yarda ba, ina da kwalba biyu nawa na sayarwa, ki riƙe baƙi da su, in naki ya fito mu daidaita.

Ki tambaye su: me mai sana'ar ta bayar, me kuma ta ƙi bayarwa? Ta ba da tabarma, da gaskiya, da mafita. Ba ta ba da layin wata ba sai da izini.

In kwastomar 'yar ƙungiya ce

Wannan yakan faru, kuma ya fi zafi. Kada a kawo rigimar ciniki tsakiyar zubi. A bari a rufe akwati, shugaba ta zauna da su biyun gefe, a duba littafi. Kuma ba a hana mamba rance ko a riƙe zubi saboda rigar da ba a gama ba. Kuɗin akwati na kowa ne.

Abin da za mu tafi da shi

Ku maimaita tare: Ƙirga kafin ki karɓa. Sa rana, ki rubuta. Faɗi gaskiya tun ba a tambaya ba. Kada mai surutu ta ci haƙƙin mai haƙuri. Alƙawari kaya ne, kowa ta ɗauki daidai wuyanta.

Aikin gida

Kowace mamba ta buɗe shafi ɗaya na karɓar aiki, ta rubuta duk aikin da ke hannunta yanzu da ranarsa. Sannan ta zaɓi kwastoma ɗaya da ta san tana jira, ta riga ta kira ko aike kafin gobe da yamma. Mako mai zuwa, kafin a buɗe akwati, za mu ji daga mutum uku yadda aka yi.